Bitar aikin masu gyaran lambun da suka yi mini yaƙi da aya-aya da tofa a Zariya

Shekara biyu da 'yan watanni na yi a Abuja saboda canjin wurin aiki, kuma a tsawon wannan lokaci babu wanda ya sa fartanya a lambun da ke bayan gidana a wajen garin Zariya, in ban da maigadi da yakan sassabe hanyar zuwa rijiya idan ciyawa ta kai masa gwiwa. Lambun ba wani babba ba ne, tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 15, akwai mangwaro biyu da gwaba da lemun tsami a ciki, sai filin da uwargida take shuka alayyafo da rama da kuɓewa da tumatir. Da muka dawo a tsakiyar daminar bara, sai muka tarar aya-aya ta rufe filin kayan miyan kamar da gangan aka yafa ta, tofa kuma ta shigo ta ƙarƙashin katangar gabas daga wani fili da ba a gina ba, har ta cinye kusan rubu'in lambun. 'Ya'yan darbejiya sun tsiro a jere a gindin katanga, wasunsu sun fi ni tsawo, shukar lantana mai fure da na dasa da hannuna don ado ta zama sarƙaƙiyar da ko kaza ba ta iya ratsawa, ga kashin yawo da yake manne wa yara a wando duk lokacin da suka je tsinkar gwaba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi. Na ɗauko leburori biyu daga bakin kasuwa, suka yini suna sara da adda suna noma da fartanya, kafin la'asar wurin ya yi fes har uwargida ta fara lissafin irin da za ta saya. Ba a cika kwana goma ba aya-aya ta sake fitowa, kuma ta fi ta farko yawa da kauri, kututturan darbejiyar da aka sare kowanne ya fito da toho biyar ko shida a madadin sanda ɗaya. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Na sake kiransu sau biyu kafin damina ta ƙare, kowane zuwa da kuɗinsa, sakamakon kuwa bai sauya ba.

Wani mai sayar da dashen furanni a bakin titi ne ya haɗa ni da mutanen da nake wannan rubutu a kansu. Su huɗu ne, shugabansu dattijo ne da ya haura hamsin, sauran ukun matasa ne. Ba su da ofis ko allon talla, lambar waya kawai gare su, sai hotunan ayyukan da suka yi a baya waɗanda suke turo wa mutum ta WhatsApp. Ba zan ambaci sunansu ba, domin zan faɗi kurakuransu kamar yadda zan faɗi ƙwazonsu, kuma irinsu suna ƙara yawa a Zariya da Kaduna da Kano, saboda haka abin da na gani zai amfani wanda yake shirin ɗaukar wasunsu ma.

Abin da ya fara jawo hankalina shi ne dattijon ya ƙi yanka mini kuɗi ta waya, duk da na tura masa hotuna da ma'aunin filin. Ya zo da shebur a bayan babur, ya zagaya lambun ba tare da ya ce uffan ba, sannan ya haƙa ramuka uku a wurare daban-daban. Daga rami na biyu ya zaro wani dogon zare baƙi mai tauri kamar waya, wanda ƙwayoyi bakwai suke jere a jikinsa kamar carbi, ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ganyen da kake gani a sama ɗan aike ne kawai, masu gidan suna ƙasa." Ya ɓare ƙwaya ɗaya da farce, ƙamshi mai kaifi ya tashi, ya ce in ɗanɗana in ji ɗaci, don in bambanta ta da ayar da ake ci, wadda 'yar'uwarta ce ta kusa.

Bayanin da ya yi mini a tsaye a wannan rana daidai yake da abin da masana tsirrai suka tabbatar. Aya-aya, wadda a littattafan kimiyya ake kira Cyperus rotundus, ta addabi manoma a ƙasashe fiye da 90, har masana da yawa suna sanya ta a sahun farko na ciyayi mafi muni a duniya. Ba ta dogara da iri wajen yaɗuwa, da ƙwayoyin nan na ƙarƙashin ƙasa take haihuwa. Muddin zaren da ya haɗa su bai tsinke ba, ƙwayar da take kan gaba ce take tsiro, sauran suna kwance suna barci, amma da zarar fartanya ta datse zaren, kowace ƙwaya sai ta farka ta fitar da nata ganyen. Da na ji haka sai na gane cewa kuɗin da na ba leburorin nan sau uku, ladan ninka mini ciyawa na biya su. Ba laifinsu ba ne, noma aka ce su yi, kuma sun yi.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan aiki, sai ya ce shi mutumin wajen Haɗejiya ne, kuma tun yana yaro yake shiga ruwa yankan kachalla tare da mahaifinsa. Duk wanda ya san fadamun Haɗejiya da Nguru ya san yadda wannan ciyawa ta toshe magudanan ruwa ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, bayan madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa yake gudana, ya zama yana kwanciya a wasu wurare duk shekara. Ya ce a can ya fahimci cewa idan aka yanke kachalla a saman ruwa ƙara mata ƙarfi ake yi, sai an yanke ta ƙarƙashin ruwa saiwar take rasa iska ta ruɓe. Tun daga lokacin, in ji shi, duk ciyawar da aka nuna masa, tambayar da yake fara yi ita ce ta ina take numfashi, kuma a ina take ɓoye abincinta.

Kuɗin da ya nema ya kusan ninka abin da leburori suke karɓa a zuwa ɗaya har sau biyar, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi kwana uku ina juya maganar. Abin da ya sa na amince shi ne tsarin biyan: kashi ɗaya cikin uku kafin a fara, kashi na biyu bayan an gama haƙa, na ƙarshe kuma sai ƙarshen damina, bayan sun dawo dubawa sau shida. Mun rubuta wannan a takarda, kowa ya sa hannu, maigadi ya zama shaida. Ina ba duk mai niyyar irin wannan aiki shawarar ya dage a kan wannan tsari, domin wanda ya yarda a riƙe masa kuɗi har ruwa ya ɗauke, ya san abin da ya taka.

A watan Disamba muka yi wannan magana, amma ya ce ba zai taɓa filin aya-aya ba sai bazara ta kama. Na ɗauka wani aikin yake so ya gama ya bar ni a layi, ashe dalilinsa mai ƙarfi ne: babu abin da yake kashe ƙwayar aya-aya cikin sauƙi kamar ta bushe a rana, kuma babu ranar da ta kai ta watan Maris da Afrilu zafi a ƙasarmu. Ya kuma hana a zuba ko bokiti ɗaya na ruwa a filin tun daga Janairu. Da lokacin ya yi, ƙasar ta yi tauri kamar dutse, sai da diga suka fasa ta, suna farawa bayan sallar asuba suna tashi kafin azahar. Sun haƙa zurfin da ya kai kamu ɗaya, wato kimanin santimita 45, duk da cewa mafi yawan ƙwayoyin a cikin taƙi ɗaya na sama suke. Suka bar manyan hoge a kife har mako biyu rana tana dukansu, sannan suka dawo suka farfasa, suka juya na ƙasa ya koma sama, suka sake barinsa wani mako biyun.

Zagaye na uku shi ne wanda ya fi burge ni, kuma shi ne ainihin abin da mutum yake biyan kuɗi dominsa. Sun zo da rariyar waya irin ta magina wadda ake tankaɗe yashi da ita, suka jingina ta a kan baro, suka riƙa ɗiban ƙasar shebur bayan shebur suna tankaɗewa, ɗaya yana zubawa, ɗaya yana girgizawa, ɗaya yana tsince ƙwayoyi da guntayen zare yana jefawa a buhu. Aiki ne mai cin rai, ƙura tana turnuƙe su har gashin ido, kuma kwana biyar suka yi a kansa. Na tsaya a kansu sau da yawa ba tare da sun san ina kallo ba, ban ga sun tsallake wuri ba, har gindin itatuwa inda diga ba ta shiga sun bi da ƙaramar fartanya a hankali don kada su raunata saiwar lemun tsami. Buhu huɗu da rabi na ƙwayoyi suka fitar daga filin da bai kai rabin lambun ba.

A cikin wannan aiki ne dattijon ya lura cewa ƙasar sama ta fi ta ƙasa baƙi da laushi, ya tambaye ni ko na taɓa sayo ƙasa daga waje. Na tuna cewa shekarar da muka tare na sa an kawo mini tifa biyu na ƙasar fadama don in gyara filin, domin ƙasar gidan ja ce mai tsakuwa. Ya yi murmushi ya ce to da kuɗina na sayo baƙuwar, har da kuɗin mota. Kashin yawo kuma, wanda asalinsa daga yankin Amurka mai zafi yake, ya ce a cikin takin awaki ya shigo, domin 'ya'yansa masu ƙaya suna maƙale wa dabbobi su faɗa cikin turke. Shawarar da ya ba uwargida ita ce kada ta ƙara zuba ɗanyen taki kai tsaye, ta tara shi a rami ta jiƙa ta rufe har ya yi zafi ya ruɓe, sannan ta tankaɗe kafin ta kai fangali. Shi kashin yawon bai ba su wahala ba, tsiro ne na damina ɗaya, an tuge shi kafin ya yi 'ya'ya an gama da shi.

Maganar darbejiya ta fi sarƙaƙiya, domin itaciya ce da muke ƙauna, kuma da wuya Bahaushe ya yarda a kira ta mai mamaya. Ba 'yar ƙasa ba ce, daga yankin Indiya ta fito, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu har ta zama inuwar kusan kowane titi da makaranta da kasuwa a Arewa, wasu suna kiranta dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. A Nijar ma da ita aka yi shingayen tare iska na kwarin Majiya tun daga 1975. Amma abin da ya sa ta dace da ƙasarmu, wato jure fari da saurin girma da sake toho bayan sara, shi ne kuma yake mayar da ita annoba a ƙaramin lambu. Tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yanta su yar da ƙwallon a inda suke sauka, shi ya sa 'ya'yan suka jeru a gindin katanga da ƙarƙashin mangwaro. Mun ƙirga 34 a lambuna, kuma saiwar biyu daga ciki ta riga ta tsaga gefen sokawe.

A nan ma sun nuna sun san aikinsu. Ƙananan da ba su wuce kaurin yatsa ba sun jiƙa gindinsu suka tuge su da saiwarsu gaba ɗaya. Matsakaitan sun haƙe su da diga da gatari. Manyan guda shida da suke manne da katanga, waɗanda haƙe su zai iya girgiza harsashin ginin, sun yanke su da zarto dab da ƙasa, nan take kuma ɗaya daga cikin matasan ya shafa maganin ciyawa mai kauri da burushin fenti a zagayen da ke tsakanin ɓawo da itace. Dattijon ya ce idan aka bar wurin ya bushe ko da na rabin awa ne, itacen ba zai sha maganin ba. Biyar daga cikin shidan sun mutu murus, ɗaya ya sake toho a watan Yuni, suka sake yanka suka shafa ba tare da sun nemi ƙarin ko kwabo ba. Babbar darbejiyar da ke tsakar gida kuwa mun bar ta, domin mahaifiyata a ƙarƙashinta take shimfiɗa tabarma idan ta zo, kuma da na kawo maganar sarewa sai ta ce in fara sare ta tukuna.

Lantana ta ɗauke su yini biyu. Sun datse rassan guntu-guntu saboda ƙayoyinta, suka haƙe gindin, domin idan aka bar kan saiwar sai ta dawo. Ban san cewa guba ce ga dabbobi ba sai da dattijon ya hana maigadi jefa wa awakin maƙwabta ganyen: tana lalata hantar shanu da tumaki da awaki, ɗanyun 'ya'yanta kuma haɗari ne ga yara. Daga nahiyar Amurka aka yaɗa ta a duniya a matsayin furen ado, yanzu kuma tana cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna wajen mamaya da ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta fitar, amma har gobe ana sayar da ita a bakin titi ba tare da an gargaɗi mai saye ba. Sun kuma gano kauci a rassan gwaba guda uku, abin da ba ya cikin yarjejeniyarmu, suka yanke rassan can ƙasa da inda ya kama, kyauta.

A wajen tofa ne aikin ya samu tangarɗa. Tofa tana tafiya ne da fararen saiwoyi masu tsini kamar allura, waɗanda suke iya huda doya ko rogo su wuce, kuma ɗan guntun da aka bari a ƙasa ya isa ya kafa sabon gari. Ƙona ta ba ya kashe ta, sai ma ya sa ta yi fure ta yi sabon toho. Sun haƙe abin da za su iya a bazara, suka yi rami mai zurfin gwiwa a tsawon katangar gabas suka jera tsofaffin kwanon rufi a tsaye don su tare masu shigowa, wanda dabara ce mai kyau. Amma dattijon ya faɗa mini tun farko cewa abin da ya saura sai an yi masa feshi idan ya fito kore shar a farkon damina, na kuma amince.

Zaɓin maganin ba shi da aibi. Sun yi amfani da mai sinadarin gilaifoset, wanda aka fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin sa da sunaye iri-iri. Ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, shi ya sa sai bayan mako ɗaya zuwa biyu ake ganin aikinsa, kuma ba ya zaɓe, duk koren ganyen da ya taɓa zai cutar. Da na tambayi dalilin da ya sa ba za a sa mai ƙona ciyawa a yini ɗaya ba, wato parakwat, sai dattijon ya ce wannan ganye kawai yake ƙonawa ya bar saiwa lafiya lau, ga shi kuma guba ce mai kisa wadda ba ta da makari. Gaskiya ya faɗa, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Shi kansa gilaifoset ɗin ba abin wasa ba ne, domin a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar, ko da yake hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai ba su yarda da wannan hukunci ba. Ko wane ɓangare mutum ya bi, a lambun da ake cin ganyensa kuma yara suke wasa a ciki, taka-tsantsan wajibi ne.

Ranar feshin dattijon bai zo ba, ya tafi duba wani aiki a Kaduna, ya turo ƙaramin cikinsu shi kaɗai da injin feshi na goyo. Ni kuma ina wurin aiki. Yaron ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya maimakon sassafe, lokacin da iska ta riga ta taso, ya yi feshin da silifas a ƙafa, babu safar hannu, babu takunkumi. Uwargida ce ta leƙo ta gan shi yana shirin wanke injin a bakin rijiya, ta daka masa tsawa, ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, ai ba shi da ƙarfi." Bayan kwana takwas ganyen gwanda uku da muka dasa ya yi rawaya ya murɗe, biyu suka mutu, zogalen da ke kusa kuma ya zubar da rabin ganyensa kafin ya farfaɗo. Wannan ganganci ne da bai kamata a samu daga mutanen da suka yi kwana biyar suna tankaɗe ƙasa ba, kuma laifin na shugaban ne da ya saki yaro da guba ba tare da mai lura ba. Da na kira shi bai yi musu ba, ya zo washegari ya duba, ya kawo dashen gwanda huɗu daga aljihunsa, feshi na biyu kuma shi ya yi da kansa da asuba, sanye da takalmin roba da safar hannu, yana kare shuke-shuken da faffaɗan kwali. Na yaba da wannan, amma gwandar da ta yi wata biyu tana girma ba a mayar da ita da dashen mako ɗaya.

Kuskure na biyu ya shafi kwashe shara. A takardarmu an rubuta cewa su za su fitar da duk abin da aka cire, amma buhunan ƙwayoyin aya-aya da tarin rassan lantana sun yi kwana tara a ƙofar gida, a unguwar da awaki suke yawo sakaka, bayan su da bakinsu suka ce mini ganyen guba ne. Sai da na kira sau huɗu kafin su zo da mai kura. Ɗaya daga cikin matasan ma ya kawo shawarar a juye buhunan a filin da ba a gina ba, wato a kai wa maƙwabci abin da aka cire daga gidana, daga nan kuma ya dawo mini ta ƙarƙashin katanga. Dattijon ya tsawata masa, aka baza ƙwayoyin a kan daɓen siminti suka ƙara bushewa, sannan aka ƙone. Rashin cika lokaci kuwa ya zama musu ɗabi'a: a cikin zuwa shida na damina, sau biyu kacal suka zo ranar da suka ce.

Duk da haka sun zo sau shidan, kuma waɗannan zuwan ne suka tabbatar da nasarar. Bayan ruwan farko a watan Mayu aya-aya ta sake leƙowa nan da can, daga ƙwayoyin da suka tsere wa rariya. Ƙa'idarsu ita ce a tono kowace da ƙwayarta tun ba ta kai ganye biyar ko shida ba, domin kafin nan tana cin ajiyar da ke cikin tsohuwar ƙwaya ne, bayan nan kuma sai ta fara haifar sababbi. Tazarar mako biyu zuwa uku suke bayarwa, sun kuma koya wa maigadi da babban ɗana yadda za su riƙa yi a tsakani da wuƙa mai tsini. A zuwan farko sun cika bokitin fenti, a na huɗu abin da suka samu bai cika kwanon sha ba.

Ɗayan makamin nasu shi ne inuwa, domin aya-aya da tofa duka ba sa jure ta. Na so a shimfiɗa baƙar leda, sai dattijon ya ce tsinin aya-aya yana huda leda kamar allura a yadi. A hanyoyin tafiya sun jera kwali ninki biyu suka zuba ɓuntun shinkafa a kai mai kauri. A filin kuma ya roƙi uwargida ta haƙura da alayyafo da tumatir na damina ɗaya, aka shuka wake kanannado mai yaɗo a rabi, dankalin Hausa a ɗaya rabin, a matse, don ganyensu ya rufe ƙasa da wuri. Ba ta ji daɗin wannan ba ko kaɗan, har ta ce an mayar mata da lambu gonar ƙauye, amma zuwa watan Agusta ba a ganin ƙasa ko tafin hannu, kuma ga harawa da za mu ba mai awakin da ke bayanmu.

Yanzu muna ƙarshen Oktoba, na biya kason ƙarshe bayan na cire kuɗin mai kurar da na ƙara daga aljihuna, kuma dattijon bai ja ba. Da muka haƙe dankali na ƙirga tsiron aya-aya 11 a duk faɗin filin, babu ɗan darbejiyar da ya wuce taƙi, lantana ba ta dawo ba. Wanda ciyawar lambunsa irin ta damina ɗaya ce, kamar ƙarangiya ko tsidau ko kashin yawo, ba ya bukatar waɗannan mutane, lebura da fartanya sun ishe shi idan an yi noman kafin ciyawar ta zubar da iri. Wanda kuwa yake fama da masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa, zan ce ya ɗauke su, da sharaɗi uku da ban sa a takardata ba kuma na yi nadama: kada a yi feshi sai shugaban yana tsaye kuma maigida yana nan, a rubuta ranar kwashe shara, a kuma yanke wani abu daga kuɗin duk zuwan da aka makara.

Tofa ce har yanzu ba mu gama da ita ba. A makon jiya na ga tsini uku sun ɓullo a kusurwar arewa maso gabas, daidai inda kwanon rufin ya ƙare, domin a ƙetaren katanga tana nan tsaye har ƙugu, ta fara fitar da farin furenta. Dattijon ya ce zai ƙara kwano biyu a kusurwar idan ƙasa ta bushe, a kan kuɗin da za mu sake daidaitawa, ya kuma ce in nemo mai filin mu raba kuɗin share mita biyu daga ɓangarensa. Na samu lambarsa a wurin mai unguwa, na kira sau biyu, ya ce yana Legas, sai ya zo hutun ƙarshen shekara.